Yadda ɗalibi zai koyi aikin jarida tun yana makaranta

Duk shekara sai an turo mana ɗalibai ɗakin labarai su yi watannin sanin makamar aiki, kuma abu ɗaya nake fara yi da kowannensu. Ina miƙa masa sanarwar da kakakin 'yan sanda ko wata ma'aikata ta aiko, in ce ya fitar min da labari cikin jimla biyar kafin la'asar. Akasarinsu sun haddace ma'anar labari yadda malami ya karanta musu, wasu ma da sakamako mai kyau suke zuwa. Amma sai ka ga yaro ya kwafe sakin layin farko na sanarwar yadda yake, har da kirarin da aka yi wa kwamishina, ainihin abin da ya faru kuwa yana can sakin layi na shida bai taɓa shi ba. Ba na ganin laifinsu sosai. An koya musu karatu a gefe guda, aiki a gefe guda, ba wanda ya nuna musu inda biyun suka haɗu.

Wannan rubutu na ɗalibin da ke son haɗa su da kansa ne, ko yana Bayero a Kano, ko Ahmadu Bello a Zariya, ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, ko makarantar koyon aikin jarida a Yamai. Ina cewa "kai" don sauƙin magana, amma har da ku 'yan mata nake, akwai ma inda kuka fi maza dama.

Mataki na farko: ka saurari labarai da biro a hannu

Sayi littafin rubutu guda, ka keɓe shi don wannan aiki. Mako guda cur, ka zaɓi kafofi uku da ba su da alaƙa da juna: gidan rediyon jiha, gidan rediyo mai zaman kansa irin Freedom, da ɗaya daga cikin na waje, BBC ko DW ko RFI. Kullum ka rubuta labarai biyar na farko da kowacce ta kawo, a jere yadda ta jera su. Sannan ka ɗauki labari ɗaya da duka ukun suka kawo, ka dubi abu uku: da wace jimla kowacce ta buɗe, muryar wa ta sa, wa ta bari ba ta tuntuɓa ba.

Kafin mako ya ƙare za ka ga abin da ba ka taɓa lura da shi ba duk shekarun da kake jin rediyo. Wata tasha kullum gwamna ne a sama ko da rangadi kawai ya je. Wata ta buɗe da yawan waɗanda suka mutu, wata da abin da hukuma ta ce tana yi. Ka haɗa da karatun Aminiya ko wata jaridar Hausa, da jaridar Turanci ɗaya, ko ta Faransanci in kana Nijar. Ɗalibin da ba ya karanta jarida ba zai iya rubuta ta ba, komai yawan darasin da ya halarta.

Mataki na biyu: ka ɗauki ra'in aji ka gwada shi a kan littafin nan

Ɗalibai da yawa suna ɗaukar darasin ra'i, wato nazariyya, a matsayin kayan jarrabawa da za a zubar bayan an fito. Kuskure ne, domin waɗanda suka kafa ra'o'in nan irin aikin da ka yi a mataki na farko suka yi.

Ɗauki ra'in mai gadin ƙofa. David Manning White ya roƙi wani editan ƙaramar jarida a Amurka ya ajiye masa duk labaran da ya ƙi bugawa na mako guda, ya rubuta dalili a jikin kowanne. Da ya wallafa binciken a 1950, sai ga shi editan yana zubar da kusan tara cikin goma na abin da ya shigo masa, kuma dalilansa da yawa son rai ne da ƙarancin fili. Koma littafinka ka tambayi kanka: wa ke gadin ƙofa a kowace tashar da ka saurara, kuma wa ke biyan albashinsa?

Haka ra'in da Maxwell McCombs da Donald Shaw suka fitar a 1972, bayan sun bi masu zaɓe a garin Chapel Hill lokacin zaɓen Amurka na 1968. Abin da suka gano shi ne batutuwan da kafofin labarai suka fi maimaitawa su ne jama'a suka ɗauka a matsayin manyan matsalolin ƙasa. Je majalisar unguwarku ko teburin mai shayi da daddare, ka saurari abin da ake gardama a kai, ka duba ko ba shi ne shirin siyasa na rediyo ya kwana yana nanatawa ba. A teburin nan kuma za ka ga wani ra'in da idonka, wanda Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa suka kawo daga zaɓen 1940: saƙo ba ya shiga kan mutane kai tsaye, sai ya bi ta hannun masu faɗa a ji. A wurinmu su ne liman, mai unguwa, malamin makaranta, da wanda ya fi kowa tura saƙo a zauren WhatsApp na dangi.

Tarihi ma kada ka yi masa riƙon sakainar kashi. Ka san cewa jaridar Iwe Irohin ta fara fita a Abeokuta a 1859, Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, sashen Hausa na BBC a 1957, New Nigerian a Kaduna a 1966. Amfanin sanin ba shekarun kaɗai ba ne. Kowace daga cikinsu akwai wanda ya kafa ta da abin da yake so ta yi masa, kuma wannan tambaya har gobe ita za ka yi wa duk kafar da ta ɗauke ka aiki.

Wani abu kuma: a 2020 hukumar kula da jami'o'i ta Najeriya ta raba karatun sadarwa zuwa fannoni bakwai, aikin jarida daban, watsa shirye-shirye daban, hulɗa da jama'a daban, talla daban. Kowanne ka faɗa, ka fahimci bambancin tun yanzu. Jami'in hulɗa da jama'a aikinsa ya gyara sunan wanda ya ɗauke shi. Ɗan jarida mai sauraro yake yi wa aiki.

Mataki na uku: ka kama fage ɗaya ƙarami, ka zauna a kansa

A nan ne mafi yawan koyon yake, kuma nan ne ɗalibai suka fi tsallakewa. Kowa yana son ya fara da sharhi a kan siyasar Abuja ko rikicin Gabas ta Tsakiya, abin da ba shi da majiya ko ɗaya a kai sai abin da ya karanta a waya. Bar wannan tukuna. Zaɓi wuri ɗaya da ƙafarka za ta kai ka ba tare da kuɗin mota mai yawa ba: kasuwar hatsi, tashar mota, asibitin sha-ka-tafi na unguwa, kotun majistare ko ta shari'ar Musulunci, ko makarantar firamare. Ka yi niyyar bin wurin nan zango guda na karatu, sau biyu a mako.

Zuwan farko ba na neman labari ba ne, na gaisuwa ne. In kasuwa ce ka nemi sarkin kasuwa, in tasha ce shugaban 'yan kamasho ko na ƙungiyar direbobi, in kotu ce rajistara. Ka yi sallama, ka rusuna, ka ce, "Ranka ya daɗe, ni ɗalibi ne mai koyon aikin jarida daga makaranta kaza, ina neman izini in riƙa zuwa ina ganin yadda abubuwa ke gudana." Ka nuna katin makaranta, in da hali ka karɓo takardar gabatarwa daga sashenku. Kada ka taɓa cewa kai wakilin wata kafa ne alhali ba ta aiko ka ba. Ƙaryar da ka shiga da ita za ta biyo ka, kuma mutanen kasuwa ba sa mantuwa.

Daga nan sai zama da kallo. A kasuwar hatsi ka riƙa rubuta farashin tiyar masara, gero, shinkafa da wake duk ranar kasuwa, daga bakin 'yan kasuwa uku aƙalla, ba mutum ɗaya ba. Bayan mako shida kana da abin da babu wani ɗan jarida a garin da yake da shi: jerin farashi da ka tattara da hannunka. Ranar da farashin ya yi tsalle, kai ne za ka iya cewa daga nawa ya tashi zuwa nawa, kuma ka san dillalin da za ka tambaya dalili, da direban da zai gaya maka ko hanya ce ta lalace ko shingaye suka ƙaru. A kotu ka zauna a baya, ka kashe ƙarar waya, kada ka naɗi murya ko hoto sai da izinin alƙali. Ka rubuta sunan kotu, sunan alƙali, tuhumar da aka karanta, abin da wanda ake tuhuma ya amsa, da ranar da aka ɗage zama. Kotu makaranta ce babba ga mai koyo, domin ana tilasta maka jin ɓangare biyu a zama ɗaya.

A bayan littafinka ka buɗe shafin majiyoyi: suna, aiki, lambar waya, da lokacin da ya fi dacewa a kira mutum. Kada ka raina ƙananan ma'aikata. Masinja, mai shara, maigadi da leburan kasuwa sukan san abin da ke faruwa kafin shugaba ya sani. Sai dai abin da suka gaya maka hanya ce ta fara bincike, ba labarin da za ka buga ba ne.

Ke ɗaliba, ga damarki. Akwai gidaje da ɗakunan haihuwa da zaurukan mata da namiji ba zai shiga ba, kuma a can ne labaran ruwan sha, tsadar magani, rigakafi da sana'o'in cikin gida suke. Ki gaida Hajiya ko Inna yadda ya kamata, ki nemi izinin maigida inda al'adar gidan ta buƙaci haka, kada ki ɗauki hoton kowa sai ta yarda.

Mataki na huɗu: ka koyi gina labari

Tambayoyi shida ne ƙashin bayan labari: me ya faru, wa ya shafa, a ina, yaushe, don me, ta yaya. Tsarin kuwa shi ne wanda ake kira dala a kife. Ka tuna hoton dalar gyaɗa ta Kano, faɗi a ƙasa, tsini a sama, sai ka juya ta. Abu mafi nauyi ya zo farko, mai bi masa ya biyo, ta yadda in edita ya yanke ƙarshen saboda lokaci ya ƙure, ba a rasa komai mai muhimmanci ba.

Ga misalin da nake ba ɗalibai. Sabon hannu zai rubuta: "A daren Talatar da ta gabata ne da misalin ƙarfe goma sha ɗaya, al'ummar unguwa kaza suka shiga cikin wani mummunan yanayi na tashin hankali sakamakon wani iftila'i da ya afka musu." Kalma sama da talatin, mai sauraro bai san abin da ya faru ba. Wanda ya goge zai ce: "Gobara ta cinye shaguna 12 a kasuwar unguwa kaza daren Talata, amma hukumar kashe gobara ta ce ba a rasa rai ba." Ga abin da ya faru, ga yawansa, ga wanda ya faɗa.

Kowace magana da ba kai ka gani da idonka ba, ka jingina ta ga mai ita. Kuma ka yi hattara da kalmar da kake jinginawa da ita. "Ya ce" ba ta ɗaukar ɓangare. "Ya yi iƙirari" tana nuna kana shakka. "Ya fallasa" ko "ya tona" suna nuna ka riga ka gaskata shi. "Ya amsa cewa" tana sa a ji kamar laifi ne aka matsa masa ya yarda. Ɗalibai suna gudun maimaita "ya ce" don kada rubutu ya yi lami, sai su faɗa hukunci ba su sani ba. Ka maimaita ta, ba komai.

Sai rubutun Hausa kansa, wanda abin takaici ne yadda ake wasa da shi ko a manyan shafuka. Sa allon rubutu mai haruffa masu lanƙwasa a wayarka yau ɗin nan. "An ba ta kuɗi" daban, "an ɓata kuɗi" daban, amma in ka rubuta "an bata kudi" a kanun labari game da wata shugabar hukuma, ka bar mai karatu ya zaɓi wanda yake so, kuma ka san wanda zai zaɓa. "Ya ce" kalma biyu ce, "za su" kalma biyu ce. Yawancin sanarwar hukumomi da Turanci ko Faransanci take zuwa, don haka fassara rabin aikin ɗan jaridar Hausa ce. Kada ka bi jimla kalma bayan kalma. Karanta sakin layin, ka kife takardar, ka faɗi abin da ya ƙunsa kamar kana gaya wa kakarka, sannan ka buɗe ka duba sunaye da alƙaluma. A alƙaluman nan ka nutsu: biliyan ɗaya miliyan dubu ce, kuma sau da yawa na ga an mayar da kwangilar miliyoyi ta biliyoyi a wajen fassara.

In na rediyo kake rubutawa, karanta da ƙarfi kana duba agogo. Jimlar da numfashinka ya yanke kafin ka kai ƙarshenta, raba ta biyu.

Mataki na biyar: hira

Kafin ka je, ka san wanda za ka gani: cikakken sunansa, muƙaminsa, abin da ya taɓa faɗa a kan batun. Rubuta tambayoyi biyar ko shida, amma kada ka kafe ido a kansu, domin tambaya mafi kyau daga amsarsa take fitowa. Gwada rakodar wayarka kafin ka shiga, ka sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya katse naɗin, ka riƙe ta kusa da bakinsa, nesa da janareta da fanka. Fara da cewa ya faɗi sunansa da muƙaminsa da bakinsa. Ko kana naɗa, ka riƙa rubutu, waya takan ci amana.

Tarbiyyarmu ta hana yaro ya ƙure babba, kuma wannan yana damun ɗalibai ƙwarai. Ladabi da tambaya mai zafi ba sa karo. Kana iya cewa, "Yallaɓai, a gafarce ni, a kasafin bara an ware kuɗin gyaran asibitin nan, na je jiya na ga rufin yana nan yadda yake. Ina aka tsaya?" In ya kewaye, ka bari ya gama, ka sake maimaita tambayar da murya a kwance. In ya yi shiru, kada ka yi gaggawar cike shirun. Kafin ka tashi ka tambaye shi ko akwai abin da ba ka taɓo ba, da wanda kuma ya kamata ka gani.

In mutum ya ce zai gaya maka abu amma kada a ambaci sunansa, ku daidaita kafin ya fara magana, ba bayan ya gama ba. In ka yi alkawari kuwa, ko abokin ɗakinka kada ya ji sunan.

Mataki na shida: tantancewa

Ina sabon shiga aka yi hatsarin mota a wajen gari, na je na samu wani da ya ce a gabansa aka yi, ya ba ni adadin waɗanda suka rasu, na rubuta na kai. Editana ya dube ni ya tambaye ni wa ya ƙirga. Ba ni da amsa. Ya tura ni asibiti da ofishin jami'an kiyaye haɗurra, sai na tarar adadin bai kai rabin abin da na rubuta ba, wasu da aka ce sun mutu suna kwance ana yi musu magani. Da labarin ya fita yadda na kai shi, da akwai gidajen da za su fara zaman makoki a kan rayayyu. Tun ranar ba na sa adadi sai na san wanda ya ƙirga.

Ƙa'idar ita ce majiya biyu da ba daga bakin juna suka ji ba. Mutum uku da duk a zaure ɗaya na WhatsApp suka gani, majiya ɗaya ce. Duk wanda aka zarga a labarinka ka neme shi, ka kira, ka tura saƙo, ka ajiye shaidar ka nema, in bai amsa ba ka faɗi haka a labarin. Hoto ko bidiyo da aka turo maka, sa shi a Google Lens ko TinEye ka ga ko ya taɓa fita a wata shekara ko wata ƙasa. Dubi lambar mota, rubutun allunan shaguna, kakin jami'an tsaro, ka saurari karin harshen masu magana. Shiga shafukan Dubawa da Africa Check, masu aikin tantance gaskiyar labarai, ka karanta yadda suke bin diddigin magana ɗaya daki-daki, ka kwaikwayi hanyar da labari ɗaya duk mako.

Takarda ta fi baki ƙarfi. Jihohi da yawa suna sa kasafin kuɗinsu a intanet, sauke na jiharku ka nemo layin da ya shafi fagenka. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan Najeriya, har da ɗalibi, damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, kuma ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Rubuta wasiƙa gajera, ka fayyace takardar da kake nema, ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya ka riƙe. Sau da yawa ba za su amsa ba, amma kwafin nan mai hatimi shi kansa abin sawa a labari ne.

Mataki na bakwai: ka san doka, ka san inda za ka tsaya

Karanta sashe na 22 da na 39 na tsarin mulkin 1999, na farko ya ɗora wa kafofin labarai nauyin bin kadin gwamnati, na biyu ya ba da 'yancin faɗar albarkacin baki. Karanta kundin ɗa'ar 'yan jaridar Najeriya da aka amince da shi a Ilorin a 1998, gajere ne, zama ɗaya ya isa. Sannan ka san abin da zai iya kai ka gaban alƙali. Ɓata suna laifi ne a dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa, ban da ƙarar neman diyya. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, an sha kama 'yan jarida da shi. Abin da ka rubuta a Facebook ɗinka bugawa ce, doka ba ta ce don kai ɗalibi ne ba.

Mutumin da 'yan sanda suka kama "wanda ake zargi" ne, ba ɓarawo ba, ko da an yi holinsa gaban kyamara. Kamawa daban, gurfanarwa daban, yanke hukunci daban. Kada ka faɗi suna ko nuna fuskar yaro da ke cikin shari'a, ko wadda aka yi wa fyaɗe, kada kuma ka kwatanta gidansu ta yadda 'yan unguwa za su gane. A labarin rikici kada ka ambaci ƙabila ko addinin mutum sai in labarin ba zai fahimtu ba sai da shi. A Nuwambar 2002 wasu 'yan jimloli a jaridar ThisDay game da gasar sarauniyar kyau ta duniya suka zama sanadin rikicin da ya ci rayuka sama da 200 a Kaduna. Wanda zai yi aiki a wannan yanki dole ya riƙa tuna wannan duk lokacin da ya zauna rubutu.

Akwai kuma ambulan ɗin kuɗi. Ranar da ka fara zuwa taron manema labarai za ka ga ana rubuta sunaye a takarda, a ƙarshe a raba abin da ake kira kuɗin mota. Za a ce maka kowa yana karɓa, kuma gaskiya ne albashi a gidaje da yawa ba ya isa, wani wurin ma ba ya zuwa. Ban raina wahalar kowa ba. Amma na ga yadda abin ke aiki: wanda ya ba ka yau, gobe in labarinsa mara daɗi ya zo hannunka, kai da kanka za ka ji nauyin bugawa tun bai kira ka ba. Yanzu da kake ɗalibi, ba iyali a wuyanka, shi ne lokacin da ya fi sauƙi ka saba da cewa, "Na gode, yallaɓai, an riga an ba ni na mota." Ka kuma bambance aikinka da na sojojin baka, masu sayen fili a rediyo su yabi ubangidansu su zagi abokin hamayyarsa. Makirfo ɗaya kuke amfani da shi, sana'ar ba ɗaya ba ce.

Game da tsaro, magana ɗaya ce: ɗalibi ba ya zuwa inda ake harbi ko zanga-zangar da ta rikice. An kashe Enenche Akogwu na gidan talabijin na Channels a Kano ranar 20 ga Janairun 2012 yana bakin aiki, kuma shi ƙwararre ne da ke da gidan talabijin da ya tsaya masa. Duk inda za ka je neman labari, wani ya san wurin da lokacin dawowarka.

Mataki na takwas: ka nemi wanda zai yi maka jan biro

Rubutun da ba wanda ya gyara ba ya koya maka komai. In makarantarku tana da gidan rediyo, kamar BUK FM, ko jaridar gwaji ta sashe, shiga tun shekarar farko, kada ka jira sai an sa maki a kai. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, duk mako kowa ya kawo labari ɗaya daga fagensa, ku yi musaya, kowa ya ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ba a faɗi majiyarta ba. Shirin Campus Reporter na CJID, cibiyar bunƙasa aikin jarida, yana karɓar rahotannin ɗalibai, a Nijar kuma ka saurari yadda Studio Kalangou, ɗakin shirya labaran rediyo da ke Yamai, ke haɗa rahoto cikin harsunan ƙasa, ka gwada yin irinsa da wayarka.

Lokacin zuwa sanin makamar aiki, kada ka zaɓi ofishin da za a sa maka hannu a littafi kana gida. Ƙaramin gidan rediyo mai ƙarancin ma'aikata ya fi maka babban gida da za ka wuni a kan benci, domin a ƙaramin za a tura ka waje tun makon farko. Ka riga kowa zuwa, ka halarci taron safe na editoci, kuma ka shigo da shawarar labari a hannunka, daga fagen nan da ka yi wata da watanni kana bi. In edita ya gyara maka rubutu, ajiye naka na asali kusa da nasa, ka bi layi-layi ka ga abin da ya cire da abin da ya ɗaga sama. In ba ka gane dalili ba, jira sai an gama labaran rana, hankalinsa ya kwanta, sannan ka tambaye shi.

Za ka yi kuskure a iska ko a shafi, ba makawa. Ranar da ya faru, kai za ka fara gaya wa edita kafin wani ya kira, a gyara a fili, a faɗi abin da aka gyara, kada a goge a yi shiru.

Duk abin da ka yi, ka adana: rahoton murya, labarin da aka buga, hoton da ka ɗauka, kowanne da kwanan wata, kwafi ɗaya a waya, ɗaya a imel ɗinka. Kundin bincikenka na shekarar ƙarshe ma ka ɗora shi a kan fagen nan, tunda kana da majiyoyi da bayanan da ka tara. Ranar da ka je neman aiki, ka zaɓi guda biyar mafi kyau daga ciki, ka sa wanda ka fi shan wahalar tantancewa a sama, ka tafi da littafin majiyoyinka a aljihu.